Ƙeyar Direba

Ranar da Auta ya shigo layinsu da motar, har mai wanki ya bar dutsen guga a kan rigar mutane ya fito kallo. Baƙa ce wuluk, doguwa, mai faɗin ƙirji, irin wadda a zamaninta in ta tsaya a ƙofar ofis masu gadi kan miƙe tsaye tun kafin su san wa ke ciki. Zamanin nata ya daɗe da wucewa, sai dai ita ba ta sani ba, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata. Kafin la'asar mutanen layi sun raɗa mata suna Gimbiya.

Auta akawu ne a ofishin ruwa. Ya doshi hamsin, ga tumbi, ga 'ya'ya har da mai shirin shiga jami'a, amma sunan da uwarsa ta laƙa masa yana goye ya ƙi sakinsa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama don tana koyarwa a firamare, ta fito bakin ƙofa da jan biro a hannu. Ta kewaya motar kamar yadda take kewaya yaron da ya zo makaranta da wasiƙar rashin lafiya alhali kumatunsa na sheƙi.

"Baban yara, da me ka saye ta?"

"Araha na samu, wallahi. Dillalin ma cewa ya yi don ni ne."

"An ce araha ba ta ado," in ji Malama. "Wannan ga araha, ga ado. To akwai magana a ƙasa."

Akwai kuwa, amma ba irin wadda take zato ba. Auta bai sayi motar don layi su kalle shi ba, ko da yake bai ƙi kallon ba. Don Baba ya saye ta.

Baba, mahaifinsa, yana zaune a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Duk ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a bayan sitiyari suka ƙare, yana tuƙa wani daraktan kamfani a mota irin wannan sak. Auta yana yaro ya sha hango shi ta katangar makaranta, cikin fararen kaya da hula mai baki, ya riƙe ƙofar baya, kai a sunkuye, darakta na fitowa da jarida a hannu ko kallonsa ba ya yi. Ko wanke motar Baba zai yi, daga waje yake durƙusawa ya miƙa hannu ya goge kujerar bayan. Bai taɓa ɗora jikinsa a kanta ba. Abin ya tsaya wa Auta a rai tun yana ɗan guntun wando, har ya yi wa kansa alkawarin da bai gaya wa kowa ba: wata rana Baba zai zauna a gidan baya, ya miƙe ƙafa, shi kuma ya tuƙa shi.

Washegari ya wanke Gimbiya har tayoyi, ya kira Baba, ya buɗe ƙofar baya ya tsaya. Baba ya fito a hankali, ya shafa bonet, ya zaro hankici ya goge madubi. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya waiga bayansa ya ga wane babban mutum ne ke tafe. Bai ga kowa ba, don haka ya zagaya ya shige kujerar mai zaman banza ya ja ƙofa.

"Baba, baya na buɗe maka."

"Baya na masu mota ne."

"To ai kai ne mai motar."

"Ni? Da na saye ta ai da na sani. Shigo mu tafi, kuma ka daidaita madubin nan, sama yake kallo."

Hali zanen dutse. Daga ranar duk inda za su, Baba na gaba, idonsa a kan titi, yana taka birkin da babu a gefensa har kafet ɗin wurin ya soma ƙoƙewa. Sigina, Auta. Rami, Auta. Wannan mai babur ɗin ba shi da niyyar kaiwa gida, ba shi wuri. Auta ya sayi mota don ya hutar da mahaifinsa, sai ga shi ya mayar da shi bakin aiki ba albashi.

Ita kuma Gimbiya ba ta daɗe ba ta fara nuna nata halin. Da farko ladabi ta koya. Auta ya fito wata safiya ya tarar ta durƙusa da ƙafafun baya, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Mai wanki ya ce gaisuwa take yi, ya kamata a amsa. Ashe ba a kan ƙarfe take tsaye ba kamar motocin talakawa, a kan wasu jakunkunan iska take, kuma jakunkunan sun tsufa suna sace iskar. Sai an tayar da ita an jira, tana huci, tana ɗagowa kaɗan-kaɗan kamar tsohuwa daga tabarma.

Nan ne Auta ya san Sai-Gobe. Bakanike ne mai gareji a ƙarƙashin wata runfar kwano, kuma sunan nan ba zalunci aka yi masa ba. Mutum ne mai fara'a, mai son motoci tsakani da Allah, wanda bai taɓa ganin matsalar da ta fi ƙarfinsa ba, bai kuma taɓa gama ta a ranar da ya faɗa ba. Ya leƙa ƙarƙashin Gimbiya ya fito yana murmushi.

"Maigida, ka sayi mota. Injin nan zai binne mu duka. Ƙananan abubuwa ne kawai."

Gaskiya ya faɗa, ƙananan abubuwa ne. Abin da bai faɗa ba shi ne a jikin Gimbiya ƙaramin abu ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba a samunsa a kasuwa sai an aika nesa an jira. Ƙwan fitila ya mutu, sai da aka sauke gaban motar kaf kafin a kai gare shi. Na'urar sanyi ta koma hura zafi a gefen direba, sanyi a gefen Baba. Madubin gefe ya naɗe kansa a tsakiyar titi ya ƙi buɗewa. Hannun ƙofar baya na ciki kuwa tun ranar saye ba ya aiki, amma da yake ba mai zama a can, ba wanda ya damu.

Sai kuma fitilun gargaɗi. Gaban direba ya cika da su, ja da ruwan ɗorawa, kowace da ɗan zanenta da ƙararta. Sai-Gobe yana da hanyarsa ta magance su. In fitila ta kama, ya saurari injin, ya ji lafiya lau, sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta.

"Motar nan ƙorafi ne da ita," in ji shi. "In ka biye mata ba za ka yi barci ba."

Kafin wani lokaci gaban Gimbiya ya zama kamar fuskar wanda ya yi aski da tsohuwar reza.

Ranar da batir ya mutu ita ce Auta ba ya son a tuna. Batirin a but yake, but ɗin kuwa da lantarki yake buɗewa, lantarkin kuma daga batirin. Wanda ya ƙera abin nan, duk inda yake, Allah ya isa tsakaninsa da akawu. Sai da aka cire jinginar kujerar baya, Auta ya cusa kansa da tumbinsa ta ramin, ƙafafunsa na lilo a waje, rabin layi na ba shi shawara. Baba na zaune a kan benci yana shan shayi.

"Ka gani ko," in ji Baba. "Kai ma da kake da takardunta da rarrafe ka shiga bayan."

A cikin gida kuwa ba dariya ake ba. Firij ɗin da aka ce za a sauya ya ci gaba da gurnani a lungu, an tokare ƙofarsa da kujera. Rufin kicin ya fara yoyo, aka ce wata mai zuwa, Malama ta ajiye baho a ƙarƙashin wurin. Wata mai zuwa ya zo, Gimbiya ta buƙaci famfon mai. Malama ba ta kiran motar da sunan layi. Majinyaciyarka take cewa. Yaya majinyaciyarka ta kwana? An sallamo majinyaciyarka, ko an ƙara mata ruwa?

Wata Asabar, bayan ta kwashe bahon ta zubar karo na ba adadi, ta zaunar da shi a falo.

"Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban ce ba ka sani ba. Amma ni ban sayi rariya ba, ga shi a kaina take zuba. Na yi magana da dillali. Ka ba ni dalili ɗaya da zai sa kada a sayar da ita."

Auta ya yi niyyar kawo zancen ƙarfin injin. Da ya buɗe baki sai katangar makaranta ta fito, da fararen kaya, da hula mai baki, da kan da ke sunkuye. Bai taɓa faɗa da baki ba, kuma ya ji kunya ƙwarai da muryarsa ta karye a tsakiya. Malama ta juya jan bironta a hannu. Tana ƙaunar surukinta, shi ne ya koya wa duk 'ya'yanta tsallaka titi.

"Shi ne tun tuni ba ka faɗa ba?" ta ce. Sai kuma halinta na malanta ya dawo. "Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya."

"In ya zauna a baya ka tuƙa shi, ka sayar?"

"Na sayar."

Tun daga ranar ba wanda ya kai Malama son ganin Baba a gidan baya. Ta fara da shigewa gaba ta zauna kafin ya fito. Baba ya zo ya tsaya a gefen motar, ya harɗe hannu a baya yana kallon sama, har kunya ta fito da ita. Ta sa aka ɗora katon ɗin littattafan 'yan ajinta a kujerar. Baba ya ɗauki katon ɗin ya zauna ya rungume shi a cinya har inda za su. Ta ce masa likitoci sun ce iskar gaba ba ta da kyau ga tsofaffi. Ya ce shi da iskar gaba sun san juna tun ba a haife ta ba.

Ana cikin haka abubuwa biyu suka taso, suka sa wasan ya daina ba Auta dariya. Likitan ido ya ce yanar ido ta rufe idon Baba na dama, na hagun ma ya kama hanya, za a riƙa kawo shi duk Laraba ana dubawa kafin a san abin yi. Sannan Gimbiya ta fara jinkiri kafin ta shiga giya, tana wani ƙugi daga can ƙasa. Sai-Gobe ya saurara, ya daɗe, kuma a karon farko bai ɗauko salatif ba, bai yi murmushi ba.

"Maigida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka lallaɓa ta. Ranar da ta kwanta, ta kwanta."

Auta ya koma gida yana ta lissafi. Ido na tafiya, mota na tafiya, tsoho kuma ya kafe. Tsoro ya kama shi sosai, kada a wayi gari ya cika alkawarinsa a lokacin da Baba ba zai ga komai ta tagar ba, ko kuma babu tagar ma.

Ran wata Talata ya kai motar a gyara gilashin direba, wanda ya sauka ya ƙi hawa. Sai-Gobe ya kwance ƙofa, ya bi wayoyi, ya yanke wannan ya haɗa wancan, gilashi ya hau sumul. Auta ya yi mamakin gyaran da aka gama a yini guda, ya kamata kuwa ya yi zargi.

Da safe Baba ya fito cikin shirin asibiti, Gimbiya ta gama miƙewa daga gaisuwarta, hadari ya haɗu. Ya kama hannun ƙofar gaba ya ja. Shiru. Ya sake ja. Auta ya danna makulli, duk ƙofofi suka amsa ban da ita. Ya shiga ya ja ta ciki, ya danna maɓalli, ya daki ƙofar da tafin hannu, ya yi mata magana mai daɗi, ya yi mata marar daɗi. Gilashinta ma ya ƙi sauka. Garin neman gira an rasa ido. Ya kira Sai-Gobe a waya, ba sai an faɗi amsar da ya bayar ba.

"Zan shiga ta wajenka in tsallaka," in ji Baba.

Ya gwada. Tsakanin kujerun gaban Gimbiya akwai wani tudu mai faɗin teburin shayi, gwiwar Baba ta dube shi ta ce ba da ita ba. Ya fito yana haki.

"To ba ni makullin in tuƙa, kai ka zauna a baya."

"Da wane idon, Baba?"

"Titin nan ko a rufe na san shi."

"Masu babur ɗin fa, ka san inda za su ɓullo?"

Yayyafi ya fara sauka. Malama, wadda ke tsaye da lema, ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba ta yi dabara ko ɗaya ba a wannan karon. Ta buɗe ƙofar baya kawai, ta ɗaga lemar a kanta.

"Baba, ku shiga, za ku jiƙe. Likita ba ya jira."

Baba ya tsaya yana kallon kujerar. Ya kakkaɓe rigarsa ta baya, ya goge tafin takalminsa a gefen kwalta, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya shiga ya ɗosana a bakin kujerar, hannuwa a kan gwiwa, kamar wanda ya je neman alfarma gidan da ba a san shi ba.

Auta ya ja mota. Babu mai cewa sigina, Auta. Babu mai cewa rami, Auta. Shirun ya yi masa yawa har ya saki hanya ya faɗa ramin da ya sani sarai, Gimbiya ta haɗiye shi ba a ji ba, don duk lalacewarta wannan aikin ta iya shi. Ta madubi ya ga Baba ya ɗan ja baya. Can kuma ya ga bayansa ya taɓa jingina. Da suka wuce shataletale, hannun Baba ya lalubo matashin tsakiya ya sauke shi, ya ɗora gwiwar hannu.

"Ashe akwai bishiyoyi a titin nan," in ji Baba.

"Tun ina yaro suke nan."

"Ban taɓa ganinsu ba. Ni kwalta na sani." Ya kara fuskarsa kusa da gilashi, yana juyo da idon hagu. "Wancan shagon mai shuɗin fenti fa?"

"Na masu gyaran agogo ne."

"Ikon Allah."

Danja ta tsayar da su. Ruwa na sauka a kan rufin, ƙarar wata fitila na fitowa daga ƙarƙashin salatif. Auta ya ji idon Baba a bayan kansa.

"Mutumin nan da na yi wa aiki," in ji Baba a hankali, "in da za a jera masa fuskoki a ce ya nuna tawa, ban ce zai iya ba. Ƙeyata ya sani." Sai Auta ya ji yatsu masu sanyi sun taɓa bayan wuyansa. "Auta, ashe ka yi furfura."

Danja ta ba da hannu, na baya suka yi ta hon, Auta bai ga hanya sosai ba sai da ya goge ido da hannun riga.

A ƙofar asibiti Baba ya ja hannun ƙofa na ciki, ba abin da ya faru, don dama ba ya aiki. Dole Auta ya fito cikin ruwa, ya zagayo, ya buɗe ya riƙe. Mai gadin asibitin ya ga doguwar baƙar mota, ya ga direba mai furfura a tsaye, ya ga dattijo na saukowa a natse, sai ya miƙe daga kujerarsa ya sara. Baba ya ɗaga masa hannu kaɗan, daidai yadda ya ga ana yi. Sannan ya tsaya ya dubi wanda ya riƙe masa ƙofa, ido cikin ido, da idon da ya rage masa.

"Sannu," ya ce.

Da suka dawo layi ruwa ya tsagaita. Malama ba ta ɓata lokaci ba, tana bakin ƙofa, dillali na gefenta yana karkaɗa makullan wasu motocin. Alkawari alkawari ne. Ya kashe mota, ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Baba bai yi gaggawar fitowa ba. Ya miƙe ƙafafu, ya harɗe su, takalminsa na kan irin kafet ɗin da ya shekara yana gogewa daga waje.

"Ka gaya wa bakaniken nan kada ya wahalar da kansa a kan ƙofar gaba," in ji shi. "Laraba mai zuwa ka biyo da ni ta ɗaya titin. Ina so in ga abin da ke can kafin a taɓa idon nan."

Auta ya dubi Malama. Malama ta dubi jajayen idanun mijinta, ta dubi tsohon da ke jingine, ta dubi Gimbiya, wadda ta zaɓi wannan lokacin ta saki dogon huci ta fara durƙusawa a gaban dillali.

"Malam, ka yi haƙuri, mun taso ka a banza," ta ce. "Mai motar bai shirya sayarwa ba."

Dillali ya juya wajen Auta zai yi magana, ta nuna masa gidan baya da jan bironta. Daga nan ta naɗe lemarta, ta ce wa Auta in zai fita da yamma ya biya kasuwa ya sayo baho, babba, don rufin kicin ya buɗe wuri na biyu.